Yarinyar Jikin Allon Tasha

Ranar Alhamis ce, a makon farko da muka koma makaranta bayan dogon hutu, shekarar da na shiga aji shida. Tun da safe aka jera mu a bakin titi kusa da kasuwar Taminus, kowa da 'yar tutar takarda a hannu, ana yayyafin nan na Jos da ba ka jin ya jiƙa ka sai ya gama shiga ƙashinka. An ce mana manyan baƙi za su zo su buɗe sababbin motocin haya na zamani, waɗanda za su kawo ƙarshen cunkoso a garinmu. Motocin suna gabanmu a jere, dogaye, farare da ratsin kore, an ɗaura wa ta gaba jan ƙyalle kamar akwatin lefe. Baƙin ba su iso ba sai da rana ta take, lokacin tutocinmu sun jiƙe, launinsu ya zuba ya ɓata mana tafin hannu. Da suka iso kuwa, kowannensu a motarsa yake, daga shi sai direba, sai da suka toshe titin tun daga shataletale har bakin kasuwa. Ban taɓa ganin gosulo irin na ranar da aka zo kashe gosulo ba. Ina kallon wani mai baro da ya ɗauko tumatir, ya rasa gaba ya rasa baya, ya zauna a kan hannun baron yana sauraron jawabin da ke gaya masa cewa daga yau hanya ta buɗe.

Ana cikin jawabi sai wata mata mai dogon takalmi ta biyo layinmu tana duba fuskoki kamar mai zaɓen lemo. Ta tsaya a kaina. Malama Talatu, malamar ajinmu, ta ce mata, "Wannan ba ta magana fa." Matar ta ce, "Ai ba magana muke so ba, fuska muke so." Ta ja hannuna ta shigar da ni motar gaba, ta zaunar da ni kusa da taga. Kujerar tana sanye da ledarta, in na motsa sai ta yi ƙara. Ta kalli jakata, wadda Baba ya ɗinka mini da ragowar yadin wandon wani, ta tura ta ƙarƙashin kujera da tsinin takalminta, ta ɗora mini wata sabuwar jaka mai ruwan hoda a cinya. Jakar ba nauyi, takardun jarida aka cusa mata don ta kumbura. Aka ce in yi murmushi, na yi. Aka ce in ƙara, na ƙara. Mai hoto ya yi ta walƙa mini haske har idona ya yi ruwa. Motar ta zaga shataletale sau ɗaya ana tafi, ta dawo inda ta tashi. Matar ta karɓe jakarta, ta ce in sauka. Sai da na durƙusa na jawo tawa daga ƙarƙashin kujera.

Kafin wannan rana, a kan cinya nake zuwa makaranta. A Gangare aka haife ni, a nan aka sa ni firamare, amma ina aji uku maigidan da muke haya ya sayar da gidansa, muka koma Tudun Wada inda Baba ya samu ɗaki biyu da ɗan shagon da zai kafa kekensa na ɗinki. Ƙannena aka sa su makarantar unguwa. Ni kuwa na yi ta kuka ba sauti har Inna ta roƙi Baba a bar ni in ƙarasa a tsohuwar makarantata. Ba don karatun ya fi kyau ba. Ni yarinya ce da magana take yi wa nauyi. Sai da na shekara biyu a wannan makaranta kafin in iya ɗaga hannu a aji, kuma a can ne kaɗai nake da ƙawa, Asabe, wadda ta san in na yi shiru iri kaza yunwa ce, in na yi iri kaza fushi ne. Da ita muke carafke a bayan aji da duwatsun da muke ɓoyewa a ramin katanga, ita take yi mini ciniki wajen mai awara, ita take amsa wa duk wanda ya tsokane ni. Tunanin in shiga sabon aji, idanu su juyo kaina, a ce in faɗi sunana, ya fi mini bulala ciwo.

Abin da ya sa Baba ya yarda shi ne al'adar motocin hanyarmu. Tsofaffin ƙananan bas ne, ƙofarsu da igiya ake riƙe ta, ta ƙasan wasu kana hango kwalta tana gudu. Amma duk yaron da ke sanye da rigar makaranta, in ya tsaya a bakin hanya, direba zai taka birki, wani babba a ciki ya buga cinyarsa, yaron ya hau ya zauna. Ba a biyan kuɗin cinya. Ba wanda ya rubuta wannan doka, ba wanda ya yanka mata jan ƙyalle, kuma ban taɓa ganin an karya ta ba. Da asuba nake tashi in share tsakar gida, in ɗebo ruwa a rijiyar makwabta da hannun da ya ƙandare saboda sanyi, in wanke kwanonin daren jiya, in sha koko a tsaye, sannan in fita bakin titi in jira motar Baba Audu, wani tsohon direba mai hular sanyi da ba ya cire ta ko da rana.

Cinyata ta kullum ita ce ta Ngo Garos. Ngo shi ne yadda mutanenta suke kiran uwa ko dattijuwa, mu ma haka muke kiranta. Daga wani ƙauye a bayan duwatsu take fitowa da kwandon kabeji da karas da koren wake, ta kai Taminus ta sayar. Kullum a kujerar bayan direba take, kwandon a tsakanin ƙafafunta, ɗan gicciyen katako a wuyanta, zanenta yana ƙanshin hayaƙin itace da danyar ƙasa. Hausarta irin ta kasuwa ce, kowa namiji ne a bakinta. Ranar farko ta dube ni ina raɓe-raɓe a bakin ƙofa, ta buga cinya ta ce, "Zo ka zauna, yarinya. Kai ba ka da nauyi, kabeji na ya fi ka." Daga ranar ba ta ƙara tambayata komai ba, ni ma ban ce mata komai ba bayan gaisuwa, kuma wannan shirun ne ya sa na so ta. In sanyi ya yi yawa sai ta lulluɓe ni da gefen mayafinta. In motar ta faɗa rami sai hannunta ya zagaye cikina kafin in ankara. In za mu sauka takan zaro karas ɗaya, ta goge a zaninta, ta sa mini a aljihu. Da Sallah Inna takan ba ni tuwo da miya in kai mata a mota, da Kirsimeti ita kuma ta zo mana da cincin a ƙullin leda.

Daga kan wannan cinya na san garinmu. Na san inda mai ƙosai take juya kaskonta da hannun hagu, na san gidan da karensa yake bin motarmu har kwana, na san ma'aikacin da yake goge takalminsa da bayan wandonsa kafin ya sauka a sakatariya. Motar tana tsayawa duk inda aka buga mata jiki. Ana cusa buhu, ana miƙa jariri daga hannu zuwa hannu, ana musu a kan ƙwallo da farashin taki. Ba zan ce daɗi ne zalla ba. Hayaƙi yana shigowa, ƙafa tana sagewa, wani lokaci kaza ta yi maka kashi a takalmi. Amma ban taɓa makara ba.

Ranar Litinin da ta biyo bayan bikin, na fito bakin titi na tarar ba ko bas ɗaya. An hana su bin babbar hanya, su da Keke mai ƙafa uku, wai su ne suke jawo cunkoso. Hanyar ta zama ta kamfanin sababbin motoci, wani kamfani da ko sunansa ba mu iya faɗa ba. An kafa wata rumfar ƙarfe can gaba da inda muke tsayawa, aka ce nan ce tasha, ko'ina ban da nan haramun ne. A can na tarar da Ngo, ta sauko daga motar ƙauyensu, kwandonta a gabanta, tana cikin layi kamar mai jiran allura a asibiti. Da doguwar motar ta iso, ƙofarta ta buɗe da kanta tana huci, mutane suka ce kai, zamani. A bakin ƙofar akwai wani mutum mai riga da tambarin kamfani, yana riƙe da wata 'yar na'ura da ake goga kati. Ya dubi kwandon Ngo ya ce, "Mama, ba a shiga da kaya. Wannan ba motar kasuwa ba ce." Ngo ta ce, "To ina yake zuwa?" Ya ce, "Taminus." Ta ce, "Taminus ba kasuwa ba ne?" Wasu suka yi dariya, shi bai yi ba. Ya juyo kaina ya ce ina katina. Ngo ta ce, "Yaro na ne, a ƙafa na zai zauna." Ya nuna wata takarda da aka liƙa a gilashi, ya ce, "Mutum ɗaya, kujera ɗaya. An daina wannan ƙauyancin." Ƙofar ta sake huci ta rufe. Na leƙa ta taga na ga kujeru da yawa ba kowa, har wadda na zauna a kai ranar Alhamis, da ledarta.

Ngo ta naɗa gammo, wani ya taya ta ɗora kwandon, ta ce, "Mu je." Muka taka. Hanyar da nake gani tana wucewa ta taga ashe hawa ce da gangara, ashe kwalbatocin suna da wari, ashe karen nan ba wasa yake yi ba. Muna tafe muna wuce motocin gida da suka yi cirko-cirko, kowace da mutum ɗaya a ciki yana danna oda. A kwanar da titi ya tsuke muka tarar da doguwar motar da ta bar mu, ta kasa juyawa, ta tokare hanya gaba ɗaya, direbanta yana ja da baya ana yi masa ihu. Waɗanda suka sayo ta ba su taɓa auna kwanar ba, don ba su taɓa bin hanyar ba sai da jiniya. Muka wuce ta a ƙafa. Duk da haka na tarar an rufe ƙofar makaranta, na yi durƙuso a kan tsakuwa tare da sauran makararru, sannan aka ba mu tsintar shara.

Haka muka yi ta yi. Baba ya je ya tambayi kuɗin katin, ya dawo ya zauna a kan kekensa ya yi ta ɗinki har magariba. Na gane amsar. Na koma tashi tun kafin kiran salla, Inna ta ɗauke mini wanke-wanke, amma ƙafar yarinya ƙafar yarinya ce, kuma ba za a bar ni in fita cikin duhu ba. Gwiwoyina suka yi kanta saboda durƙuso. A aji barci yake sace ni, Asabe tana zungurina da biro. Hedimasta ya aika wa Baba cewa in ba a gyara ba, a nema mini makaranta kusa da gida. Baba ya ce da Inna, ina ji daga bayan labule, "Zuwa ƙarshen wata. In abin bai canza ba, ta bi ƙannenta."

A cikin wannan watan ne aka kafa allon. Wata safiya muka iso tasha muka ga an ɗaga wani ƙaton allo a kan ƙarafa biyu, ya fi ƙofar shagon Baba girma. Ga doguwar mota, ga taga, ga wata yarinya da jaka mai ruwan hoda a cinya tana murmushi har kunne. A ƙasa an rubuta da Turanci da Hausa cewa sufurin zamani domin yaranmu ne. Sun ƙara mini haske a fuska, sun goge tabon da ke goshina. Ngo ta sauke kwando ta daɗe tana kallo, ta dube ni, ta sake duban allon, ta ce, "Wannan ya ci abinci ya ƙoshi." Kafin azahar duk unguwa ta sani. Matan gidanmu suna cewa, "Ga 'yar gwamnati ta dawo." Yara suna bina suna tambaya ina jakar. Wani abokin Baba ya zo har shago yana taya shi murna, yana tambayar abin da aka ba mu. Ni kuwa kullum sai in wuce ta ƙarƙashin kaina da ƙafa, silifas ɗina yana feshe mini taɓo a bayan riga.

Ana saura 'yan kwanaki wata ya ƙare, Ngo ba ta zo ba. Gwiwarta ta daɗe tana damunta, na lura da yadda take dafa katanga in mun zo hawa. Na tsaya ni kaɗai a tasha, hadari ya haɗo, na san in na taka sai na makara kuma sai na jiƙe. Motar ta iso, ƙofa ta yi hucinta, mai na'urar nan yana tsaye. Ban san inda na samo ƙarfin ba. Duk rayuwata ban taɓa fara yi wa baƙon namiji magana ba. Na matsa, na ɗaga hannu na nuna allon, na ce, "Oga, ni ce waccan." Bai ji ba, sai da na maimaita. Ya ɗaga kai ya kalli allon, ya sunkuyo ya kalle ni, tun daga ɗankwalina har silifas. Ya kira direba ya ce, "Zo ka ga, wai ita ce." Direban ya leƙo ya ce lallai akwai kama. Na ɗauka shi ke nan, har na ɗaga ƙafa zan taka matakala. Sai mai na'urar ya tare ƙofa da hannu yana dariya, ya ce, "To ai kin riga kin samu kujera, 'yammata. Ga ki can a zaune. Ki jira waccan motar ta kai ki." Wata mata a ciki ta ce, "Haba, ka bar ta ta zauna a cinyata mana." Ya ce, "Madam, aikina kike so in rasa?" Ƙofa ta rufe.

Ban je makaranta ba ranar. Na tsaya a ƙarƙashin allon har ruwan ya sauko ya ɗauke, don shi ne kaɗai abin fakewa, rumfar tashar tasu ta zamani ba ta tare komai sai rana ta tsakiya. Da na koma gida Inna ta dube ni, ta cire mini rigar ta matse. Ranar Litinin Baba ya riƙe hannuna ya kai ni makarantar unguwa. Aka tsayar da ni gaban aji aka ce in faɗi sunana. Kafin in buɗe baki wani daga baya ya ce, "Ai 'yar allo ce," aji ya fashe da dariya. Da wannan sunan na gama firamare, kuma ban ɗaga hannu ko sau ɗaya ba. Asabe ban yi mata sallama ba. Duwatsunmu na carafke, ina jin, suna nan a ramin katanga in ba a rushe ta ba. Ngo kuwa, na ji daga bakin wata mai kayan miya cewa ta koma sayar wa 'yan sari a bakin gona, su suke kawowa gari a motarsu. Ban sake ganinta ba.

Motocin ba su yi tsawon rai ba. Na'urar kati ce ta fara mutuwa, aka koma karɓar kuɗi a hannu. Sai ƙofofin suka daina huci, aka ɗaure su da igiya, irin igiyar Baba Audu. Sai aka fara shiga da buhu in an ɗan ga mai ƙofa da wani abu. Daga nan ɗaya ta lalace aka ce kayan gyaranta sai daga ƙasar waje, aka ciro na wata aka sa mata, har suka cinye junansu. Ina sakandare na gan su a wani fili an jibge, tayoyi sun zauna, ciyawa ta fito ta tagogi, awaki suna kwana a ƙarƙashi. Ba wanda ya tara yara da tutoci ranar da aka jibge su. Keke ya dawo ya cika hanya, amma tsofaffin bas ɗin ba su dawo ba, an riga an sayar da su ga masu gwangwan, kuma al'adar cinya ta tafi tare da su. Allon ne ya fi kowa daɗewa. Rana ta cinye jakar, ta cinye rubutun, ta bar haƙora. Daga baya wani mai shayi ya sauke shi ya yi bango da shi, na taɓa wucewa na ga rabin fuskata a bayan tukunyar ruwan zafi, hayaƙi ya mayar mini da tabon goshina.

Yanzu ina koyarwa a wata firamare, kuma kullum ina cikin Keke a gosulon da ya ninka na da. Kwanan baya ina ciki na ji a rediyon mai Keke ana cewa za a kawo wasu sababbin motoci na zamani, masu sanyi, masu kati, za su kawo ƙarshen cunkoso. Muryar ma kamar ta wancan mai jawabin. Ina da tabbacin an riga an sayi jan ƙyalle, kuma wata mai dogon takalmi tana nan tana neman yarinyar da ba ta magana. Ba su taɓa tambayar mai kwando ina za ta ba, ba su taɓa tambayar yadda yaron da ba shi da ko sisi yake isa aji kafin a buga ƙararrawa ba, don a takardunsu ba a ƙirga cinya. In na ga yarinya da rigar makaranta a bakin titi nakan ce wa mai Keke ya tsaya, in buga cinyata. Yawancinsu sai su ja da baya suna kallona, an gaya musu a gida kada su hau jikin baƙo, kuma ban ga laifin iyayensu ba. Jiya dai wata 'yar ƙarama ta yi ta shawara da ranta, sannan ta hau, ta zauna a ɗofane ba ta ce uffan ba har muka kai. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Sai da ta sauka na tuna ban zo da karas ba.